Reggie White ko Bruce Smith: wa ya fi iya kayar da kwatabak?

Bakatsine92:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ga magana na ajiye, wanda bai yarda ba ya zo da hujjarsa. A duk tarihin gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka ba a taɓa yin ɗan layin tsaro na gaba kamar Reggie White ba. Na san lissafi ya sa Bruce Smith a kan gaba da kaye 200, Reggie na bin sa da 198. To amma Bruce kaka 19 ya yi yana tarawa, wasa 279. Reggie kaka 15 ya yi, wasa 232. Ratar wasa 47 ke nan, kusan kaka uku cur, a kan bambancin kaye biyu kacal. Kuma kafin ya shigo NFL sai da ya yi 1984 da 1985 a wata gasa daban mai suna USFL tare da Memphis Showboats, ya yi kaye 23.5 a can, ba a sa masa ko ɗaya a lissafi. Bismillah.

Sadiq_Hotoro:
Wa alaikumus salam. Yaya, mu da muka shigo kwanan nan a tausaya mana. Mene ne kaye a nan, kuma ta yaya mutum zai yi rabin kaye? Ko dai ya faɗi ko bai faɗi ba.

Malam_Fagge:
Sadiq, kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in suka kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kwatabak shi ne mai karɓar ƙwallo ya jefa, kuma akwai ƙarti biyar a gabansa da ba su da aiki sai tare masa. Su kuma 'yan layin tsaro, mutum uku ko huɗu, su ne ke durƙushe gaba da gaba da ƙartin nan. In ɗayansu ya ɓalle ya kai kwatabak ƙasa kafin ya jefa, kaye ke nan: an ci dama ɗaya, an kuma mayar da su baya. In mutum biyu suka kai shi ƙasa tare sai a raba musu rabi-rabi. Wanda ya yi 10 a kaka ɗaya ana ce masa gwani. Reggie ya yi kaka tara a jere, daga 1985 zuwa 1993, bai sauko ƙasa da 11 ba.

Sadiq_Hotoro:
To madalla, na gode Malam.

BillsHarAbada:
Bakatsine, ka kawo rabin magana ka ɓoye rabi. A wane tsari kowannensu ya buga? Buffalo, ƙungiyar Bruce, mutum uku suke jerawa a gaba, kuma a wannan tsarin aikin ɗan gefe shi ne ya shanye mutum biyu don na bayansa su sami hanya. Ba wurin tara kaye ba ne ko kaɗan. Bruce ya tara mafi yawan nasa a nan, mutum biyu na rataye da shi. Reggie kuwa yana cikin layin mutum huɗu, ga Jerome Brown ga Clyde Simmons a gefensa a Filadelfiya. Wa za ka tare ka bar wa? Sannan daɗewar da kake rainawa ita ma baiwa ce. Ka yi shekara 19 ƙarti masu kilo 140 suna faɗa maka a gwiwa, ka ga ko za ka iya hawa bene.

Bakatsine92:
Daɗewa baiwa ce, ban musa ba. Amma mu faɗi gaskiya, kakar 2003 a Washington Bruce neman wuce Reggie a yawan kaye kawai yake, ƙarfi ya riga ya tafi. Reggie kuwa a 1998, yana dab da shekara 37, ya yi kaye 16 aka ba shi gwarzon masu tsaro na shekara, karo na biyu bayan na 1987.

BillsHarAbada:
Shi ma Bruce sau biyu aka ba shi, 1990 da 1996. Kuma in zancen neman lamba ne, me ya dawo da naka Carolina a 2000 bayan ya yi ritaya? Kaye 5.5 ya samu duk kakar.

Alhaji_Tsohon_Dalibi:
Yara, kuna ta musu a kan mutum biyu kamar da su aka fara wasan. Sai a 1982 hukumar gasar ta fara rubuta kaye a hukumance. Duk wanda ya yi wasa kafin nan littafi bai san da shi ba. Deacon Jones na Los Angeles Rams fa? Masu bincike da suka koma kan tsofaffin takardun wasa sun ƙirga masa 173.5, a zamanin da kaka wasa 14 ce ba 16 ba, kuma ba a yawan jefa ƙwallo kamar yanzu. Makaminsa mari ne: da an tashi sai ya kwaɗa wa mai tare shi tafin hannu a kan hular kwano, kafin idon wancan ya washe ya wuce. Sai da aka hana marin nan a 1977. Lokacin da nake karatu a Amurka, tsofaffin da muke kallo tare ba sa yarda a haɗa shi da kowa.

Ummu_Hanan:
Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, amma mutumin da aka hana makaminsa saboda yana jikkata kawunan mutane, ai sai a cire masa wani abu daga lissafi, ba a ƙara masa ba.

Alhaji_Tsohon_Dalibi:
Hajiya, dokar zamaninsa ya bi. Ba a yi wa mutum hukunci da dokar da aka kafa bayan ya ajiye takalmi.

Dan_Tasin_Fili:
Ni a Filadelfiya nake tuƙi, bari in faɗa muku abin da nake gani. Ranar wasan Eagles, in na ɗauki masu zuwa fili, cikin tsofaffin da furfura ta kama da wuya ka rasa mai koriyar riga lamba 92 ta Reggie. Mutumin da ya bar garin tun 1993. Wani dattijo da na taɓa ɗauka, tun daga ƙofar gidansa har muka isa bai yi zancen wasan ranar ba, kakar 1987 yake ba ni. A shekarar 'yan wasa sun shiga yajin aiki, aka soke mako ɗaya, aka yi mako uku da 'yan cike gurbi, shi ya sa wasa 12 kawai Reggie ya buga. A cikin 12 ɗin ya yi kaye 21. Bajintar da ke kan gaba a lokacin 22 ce ta Mark Gastineau, cikin wasa 16. Dattijon yana bugun bayan kujerata yana cewa in lissafa da kaina, in an ba shi wasa 16 a wannan gudun 28 zai kai. Na ce baba na yarda, a bar min kujera. Gaba ɗaya a Eagles kaye 124 ya yi cikin wasa 121. Kayensa ya fi wasanninsa yawa. A kawo min wani mai irin wannan a shekara takwas.

BillsHarAbada:
"In an ba shi." Da "in" ai kowa sarki ne.

Maradi_Kokowa:
Ni ban san lissahinku ba, amma na kalli hotunan mutumen nan, kuma abin da ni gani kokowa ce tsantsa. Ku duba yadda shika yi. Shina durƙushe gefen hagu, da an tashi sai shi zabura waje kamar za shi zagaye mai tare shi. Wancan dole shi ja da baya da sauri, nauyinai duka ya koma ƙafa guda. Daidai nan sai Reggie shi tsaya cak, shi zura hannun dama ƙarƙashin hammatar mutum, shi ɗaga shi tura shi can inda dama jikinai ya nufa. Ƙato mai kilo 140 ka gan shi ƙafafu sama. Duk wanda ya taɓa zama bakin fili lokacin gasar takobi ya san wannan: ba ƙarfinka ka kada abokin karo ba, nauyinai ne, kai dai ka san lokacin da ƙafa ta saki ƙasa. Wanda ya yi ma Larry Allen na Dallas haka, Allen da aka sani da ƙarfi duk gasar, ba ƙaramin mutum ba ne.

Malam_Fagge:
Ɗan Maraɗi ya gano abin. Abin da zan ƙara, dabarar ba ta ci sai mai tare ka ya yarda cewa za ka iya tsere masa ta waje. Reggie tsawonsa ya kusa mita biyu, nauyinsa wajen kilo 135, amma yana da gudun da ya isa ya tsorata mutum. In ka ji tsoron gudun ya jefar da kai, in ka dasa ƙafa don kada ya jefar da kai ya zagaye ka, in ka tsaya tsakiya ya tura ka har kan kwatabak ɗinka. Sannan koci Buddy Ryan ba ya barin sa wuri guda, yau yana gefe, anjima yana tsakiya a kan mai miƙa ƙwallo, ya nemo mafi rauni a cikin biyar ɗin ya ɗora masa shi. Akwai hoton da ya ɗauki Cris Carter na Minnesota ya wurga shi wajen kwatabak ɗinsa Warren Moon. Ku nema ku gani.

Sadiq_Hotoro:
Na gani yanzun nan. Wallahi kamar ba mutum ya ɗauka ba 😂

KaunarDallas:
Tunda an taɓo Larry Allen, a faɗi cewa sabon shiga ne a 1994 lokacin da abin ya faru. Me ya sa ba wanda ya ambaci Erik Williams na Dallas? Shi ne mutumin da Reggie ya fi shan wuya a hannunsa, ya sha hana shi sakat. Kuma Dallas ce ta fitar da Green Bay, inda Reggie ya koma, a wasannin sili-ɗaya-ƙwale kaka uku a jere, 1993, 1994 da 1995, Reggie na cikin fili. A Filadelfiya ma duk wannan tsaro da ake kurantawa, wasa ɗaya tak suka ci na sili-ɗaya-ƙwale a shekara takwas ɗinsa, wanda suka doke New Orleans a Janairun 1993. Buddy Ryan sau uku ya kai su, sau uku aka koro su a wasan farko.

Dan_Tasin_Fili:
Kai ɗan Dallas, ka ji tsoron Allah. Ɗan layin tsaro ne zai jefa ƙwallo ya kuma cafe? A 1991 tsaron Eagles ne na ɗaya wajen hana gudu da ƙwallo, na ɗaya wajen hana jifa, na ɗaya gaba ɗaya. Amma Randall Cunningham ya ji ciwo a gwiwa tun wasan farko na kakar, aka yi ta canza kwatabak har aka ƙare da nasara 10 ba a tsallaka ba. Sai kuma Jerome Brown ya rasu a haɗarin mota a Yunin 1992. Reggie ne ya sanar da mutane rasuwar yana kuka, a wani taron wa'azi a filin Veterans. Wannan duk laifinsa ne?

BillsHarAbada:
To ku riƙe wannan ma'aunin da kyau, don na san yanzu wani zai ce Bruce ya je Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, sau huɗu a jere bai ci ko ɗaya ba.

Bakatsine92:
Ni ban ce ba, kai ka faɗa da bakinka 😄

Lauya_Zazzau:
Ku ba ni wuri in shigo ta wata ƙofa. A ganina abin da ya raba Reggie da sauran ba a cikin fili ya faru ba. Kafin 1993 mafi yawan 'yan wasan NFL ba su da ikon zaɓar inda za su yi aiki ko da kwantiraginsu ya ƙare, ƙungiya ce ke riƙe da su. Yajin aikin 1987 bai samo musu komai ba, sai suka koma kotu. A 1992 wata kotu a Minneapolis ta ce tsarin da ake bi ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa, a ƙarar da Freeman McNeil ke kan gaba. Daga nan aka shigar da ƙara a madadin 'yan wasa gaba ɗaya, sunan Reggie White ne a kanta. Ita aka sasanta a farkon 1993 a gaban alƙali David Doty: 'yan wasa suka sami 'yancin sauya ƙungiya bayan wasu shekaru, masu ƙungiyoyi kuma suka sami ƙayyade jimillar albashi daga 1994. Shi ne babban ɗan wasa na farko da ya fita ta wannan ƙofa. Ya zagaya garuruwa ana tarbarsa, daga ƙarshe a Afrilun 1993 ya sa hannu da Green Bay, shekara huɗu, dala miliyan 17. Duk wani yaro da ke karɓar ɗaruruwan miliyoyi yau, a kan wannan sulhun yake tsaye.

Ummu_Hanan:
Barista, sunansa ne a kan takarda, amma ƙungiyar 'yan wasa da lauyoyinta ne suka yi shekaru suna wannan yaƙi. Kada a ba mutum ɗaya ladan gayya.

Lauya_Zazzau:
Haka ne Hajiya. Sai dai ba kowane tauraro ne zai yarda a sa sunansa a ƙarar masu biyan sa albashi yana tsakiyar ganiyarsa ba.

Sanyin_Wisconsin:
Zancen Green Bay ɗin nan, sai wanda ya zauna a jihar zai gane girmansa. Gari ne mai mutum dubu ɗari da 'yan kai, mafi ƙanƙanta da ke da ƙungiya a gasar, ƙungiyar ma ba ta attajiri ɗaya ba ce, ta masu hannun jari ce daga cikin magoya baya. Sanyi kuwa, watan Janairu in ka fito da jiƙaƙƙen gemu kafin ka kai mota ya daskare. A wancan lokacin baƙaƙen fata ƙalilan ne a garin, har ana cewa kociyoyin wasu ƙungiyoyi da Green Bay suke yi wa ɗan wasa barazana in ya ƙi ji. Daga 1968 zuwa 1992 sau biyu kacal suka shiga sili-ɗaya-ƙwale. Da Reggie ya zo, kaka shida ya yi, duk shidan sun shiga. Kuma zuwansa ne ya sa irin su Sean Jones da Keith Jackson da Santana Dotson suka yarda suka biyo baya.

Wani abin da ya ja shi: a 1992 yana Eagles ya maka kwatabak ɗin Green Bay Brett Favre da ƙasa har kafaɗarsa ta hagu ta goce, yaron ya tashi ya ci gaba da wasa, ya kuma ci su. Reggie bai manta ba.

KaunarDallas:
Favre ko dala miliyan 17? Mutumin nan ya yi ta cewa duk inda Ubangiji ya ce ya je nan za shi, kuma yana son babban birni inda zai yi wa talakawa baƙaƙen fata hidima. Sai ga shi Ubangiji ya nuna masa ƙaramin garin da ya fi kowa zuba kuɗi.

Sanyin_Wisconsin:
Ai saboda wannan maganar ne koci Mike Holmgren ya bar masa saƙo a na'urar amsa waya, ya ce wai Ubangiji ne ke magana, ya tafi Green Bay. Reggie ya gane muryar ya yi ta dariya.

Malam_Fagge:
A'uzubillahi. Wannan irin wasa nasu sai su.

Dan_Wusasa:
Ni Kirista ne, kuma ko a wajenmu ba kowa ne zai yi wannan raha ba, Malam. Amma game da imaninsa, kada a mayar da shi ɗan damfara. Tun yana shekara 17 aka naɗa shi mai wa'azi a cocin Baptis a Chattanooga inda aka haife shi, tun bai san zai ga dala ba. Daga nan laƙabinsa na ministan tsaro ya samo asali tun yana jami'ar Tennessee, don a Turanci mai wa'azi ma minista ake ce masa. A Filadelfiya yakan fita kan titi yana wa'azi a unguwannin da wasu taurarin ba sa bi ko da gilashin mota a rufe. Cocin da yake mataimakin fasto a Knoxville an cinna mata wuta a Janairun 1996, lokacin da ake ta ƙona majami'un baƙaƙen fata a kudancin Amurka, mutanen Wisconsin suka tara kuɗi suka aika. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshen rayuwarsa. Bayan ya bar wasa ya ja baya daga hawa mumbari, ya zauna koyon Ibrananci don ya karanta Attaura da kansa, ya kuma fito ya ce an yi amfani da sunansa wajen tara jama'a, shi ma ya yi wa'azin abubuwan da bai zurfafa bincike a kansu ba. Babban mutum ya faɗi haka a bainar jama'a ba abu ne mai sauƙi ba.

Ummu_Hanan:
To a haɗa da jawabin da ya yi a majalisar dokokin Wisconsin a Maris ɗin 1998, kada a tsallake. An gayyace shi ya yi 'yan mintuna, ya kusa awa yana raba wa kowane jinsi halinsa: baƙaƙe sun iya ibada da biki, farare sun iya tsara harkar kuɗi, 'yan Latin Amurka suna iya cusa mutum 20 ko 30 a gida ɗaya, 'yan Asiya suna iya mayar da talabijin agogo. Ya kuma yi kakkausan suka ga masu auren jinsi. 'Yan majalisa suka yi tsuru-tsuru, gidan talabijin na CBS ya janye aikin sharhi da ake shirin ba shi. Shi a nufinsa yabo yake yi, wai kowa da baiwarsa. Amma da wani Bature ne ya tsaya ya ce mu baƙaƙe rawa da waƙa muka iya, da zauren nan ya kama da wuta.

Admin_Garba:
Jama'a, an faɗi abin da ya faru, ya isa haka. Mun san inda irin wannan zance yake kai mu. A koma fili don Allah.

Bakatsine92:
To mu koma. Ɗan Dallas ya ce ba ya tashi a manyan wasanni. 26 ga Janairun 1997, Super Bowl na 31 a New Orleans, Green Bay da New England. New England ta matso 27 da 21, sai Desmond Howard ya karɓi bugun ya ruga yadi 99, aka koma 35 da 21. Kwatabak ɗin New England Drew Bledsoe ya dawo fili da niyyar ramawa, sai Reggie ya kayar da shi sau biyu a jere, dama biyu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara na uku a zubin ƙarshe. Max Lane da aka ba aikin tare shi har yau da wannan ranar ake tuna shi, bawan Allah. Daga nan New England ba ta sake cin ko maki ɗaya ba. Yana da shekara 35 lokacin.

KaunarDallas:
Shekarar da ta biyo fa? Denver ta yi ta bi ta kansu da Terrell Davis, 31 da 24. Ban ji sunansa ba ranar.

Nas_Rakiya:
Ni abin da ya tsaya min tun da aka fara zancen nan shi ne shekarunsa. An haife shi 19 ga Disamban 1961, ya rasu 26 ga Disamban 2004, mako ɗaya bayan ya cika 43. Likitoci sun ce bugun zuciya ne ya rikice, yana da wata cuta mai sa kumburi a huhu da zuciya, ga kuma ɗaukewar numfashi a cikin barci da ake ganin ta taimaka. Wannan ta ƙarshen ina so 'yan'uwa maza su ji da kyau. Mutum mai jiki da kaurin wuya, in ya kwanta maƙogwaro ya rufe, minshari ya tsaya cak, ya yi daƙiƙu ba numfashi, sai ya zabura da wani irin gurnani ya ci gaba. Haka ake yi har gari ya waye, shi bai sani ba. Da rana sai gyangyaɗi da ciwon kai da hawan jini. Mu a gida dariya muke yi wa mai minshari. Bayan rasuwarsa matarsa ta kafa gidauniya da sunansa don wayar da kai a kan wannan cuta.

Direban_Tirela:
Anti Rakiya, kamar da ni kike. Ni babbar mota nake ja tsakanin jihohi a nan Amurka. Maiɗakina ce ta fara lura, ta ce tana zama cikin dare tana jira in ja numfashi, wani lokaci sai ta taɓa ni. Na ce mata gajiya ce. Sai da gwajin lafiyar lasisi ya zo aka tura ni gwajin barci, aka manna min wayoyi a kai da ƙirji da yatsa na kwana a wurinsu. Yanzu da na'urar hura iska nake kwana, da abin rufe hanci da tiyo, har cikin mota ina da inda nake jona ta. Makon farko ji nake kamar an ɗaure min fuska, ina cirewa cikin barci. Da na saba, barcin da nake samu ban taɓa sanin akwai irinsa ba, kuma gyangyaɗin bayan azahar a kan sitiyari ya tafi. Mai minsharin da ke yankewa ya je a duba shi.

Sadiq_Hotoro:
Allah ya ƙara lafiya Yaya. Zan tura wa babanmu wannan, duk da na san abin da zai ce min.

Jikan_Mai_Goro:
Tambaya daga gefe: cikin 'yan asalin ƙasarmu akwai wanda ya taka rawa a wannan gurbi?

Malam_Fagge:
Akwai. Osi Umenyiora, an haife shi a Landan, iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci Super Bowl biyu da New York Giants, kuma a 2007 ya yi kaye shida a wasa ɗaya, a kan Eagles ɗin Ɗan Tasi ma kuwa. Gwani ne, amma ba a teburin da ake magana yake ba.

Dan_Tasin_Fili:
Malam, me na yi maka da za ka tuno min wannan daren?

Yaro_Rams99:
Duk kun tsufa ne shi ya sa. Aaron Donald. Daga tsakiyar layi yake wasa inda babu fili, mutum biyu wani lokaci uku a kansa, tsawonsa bai kai na su Reggie ba, amma sau uku ana ba shi gwarzon masu tsaro, 2017, 2018 da 2020. Reggie biyu, Bruce biyu. Kaye 111 cikin kaka 10, ya ci kofi, ya tafi da ƙafafunsa lafiya. Kuma a zamanin da kwatabak ke sakin ƙwallo cikin daƙiƙa biyu da rabi, doka kuma ta hana a taɓa shi sama ko ƙasa.

Alhaji_Tsohon_Dalibi:
In lambar yabo ce ma'auni, yaro, J.J. Watt ma uku gare shi. Kuma Alan Page na Minnesota, shi ma ɗan tsakiya, a 1971 aka ba shi gwarzon gasar gaba ɗaya, ba na masu tsaro kaɗai ba, abin da Donald bai samu ba, Reggie ma bai samu ba. Bayan ya bar wasa ya zama alƙalin kotun ƙolin jihar Minnesota. Ga Joe Greene na Pittsburgh da kofi huɗu. Kowane zamani da nasa.

Bakatsine92:
Alhaji, ban raina ko ɗaya ba. Amma Donald ɗan tsakiya ne, Bruce da Deacon 'yan gefe ne. Reggie kaɗai ne za ka ajiye a kowane gurbi cikin huɗun ya zama ya fi kowa a wurin, ya tare gudu kuma ya kai ga kwatabak. An zaɓe shi wasan taurari sau 13 a jere. Jami'ar Tennessee da Eagles da Packers ta Green Bay duk sun jingine lamba 92, ba mai sake sa ta.

BillsHarAbada:
Buffalo ma ta jingine 78 ta Bruce. Kuma har yanzu ba ka amsa min zancen layin mutum uku ba, sai zagaye kake. A ba Bruce Jerome Brown a gefensa shekara biyar mu gani.

KaunarDallas:
"A ba shi." Ɗazu wa ya ce da "in" kowa sarki ne?

BillsHarAbada:
Kai ba ruwanka, ku da kuka ci mu sau biyu ba mu gama da ku ba. Bakatsine nake jira.

Bakatsine92:
Bruce yana da Cornelius Bennett da Darryl Talley a bayansa, kada ka mayar da shi maraya. Bari in taso daga aiki, zan kawo maka lissafin Reggie a Green Bay kaka bayan kaka, inda babu Brown babu Simmons, 68.5 cikin shekara shida bayan ya haura 31. Sai ka gaya min wa ke shanye masa mutum biyu a can.

Sanyin_Wisconsin:
Gilbert Brown mana. Kilo 150 da ɗoriya a tsakiyar layi. Yi haƙuri Bakatsine, ina ɓangarenka, amma wannan ba za a ɓoye ba.